Yadda Baƙi Suka Sami Ƙofar Shiga Littattafan Hindu

Wanda ya tashi neman sanin addinin mutanen Hindu, tambayar da ya kan fara yi ita ce, wanne ne littafinsu? Wannan tambaya ba ta da amsa guda, domin ba su da littafi ɗaya tak wanda ya tattara dukan abin da suka gaskata. Abin da su ke da shi tarin littattafai ne mai yawan gaske, wanda aka yi shekara fiye da 2,000 ana ƙara masa, har ya zama ba mahalukin da zai ce ya karance shi duka. Tun wajen shekara 1,000 da suka wuce baƙi ke neman hanyar shiga wannan tari, daga malaman Musulmi zuwa sarakunan Mogul, har zuwa Turawa. Waɗansu sun dace da ƙofa, waɗansu sun sha wuya a banza, har ma akwai waɗanda aka yaudara. Labarin waɗannan baƙi ya isa ya nuna wa mai koyo na yau littafin da ya kamata ya fara buɗewa, da wanda ya kamata ya bari sai nan gaba.

Veda da Abin da Ya Biyo Bayansu

Mafiya tsufa cikin littattafan nan su ne Veda guda 4, watau Rig, da Sama, da Yajur, da Atharva. Rig Veda shi ne babban wansu. Waƙoƙi ne guda 1,028, an raba su kashi 10, yawancinsu na yabon alloli ne, kamar su Indra, da Soma, da Agni, watau wuta. Masana suna ƙiyasta an tsara su a arewa maso yammacin Indiya wajen shekara ta 1500 zuwa ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa, cikin tsohon harshen Sanskirit. Wurin hadaya a ke rera su, sa'ad da a ke zuba man shanu da hatsi cikin wuta.

Ba a rubuce aka adana Veda ba. Zuriyar malaman addini, waɗanda Larabawa ke kira Barahima, su ne suka riƙe su da ka, uba ya biya wa ɗa, malami ya biya wa almajiri. Don gudun kuskure suka ƙago hanyoyin tilawa iri iri. Yaro ya kan haddace baiti a jere, sa'an nan ya sake haddace shi kalma kalma, sa'an nan bibbiyu, ta fari da ta biyu, ta biyu da ta uku, daga nan ya riƙa kai da komo gaba da baya, har ya zama ko wasali ɗaya ba ya ɓacewa ba a gane ba. Saboda haka su ke kiran Veda shruti, watau abin da aka ji. Ba kowa kuwa aka yarda ya ji ba. Littattafansu na shari'a na zamanin da sun hana a karanta Veda a gaban mutanen dangin da a ke kira Shudra, balle baƙo.

A ƙarshen kowane Veda akwai waɗansu littattafai da a ke kira Upanishad. Biyu da suka fi tsufa, Brihadaranyaka da Chandogya, an tsara su wajen ƙarni na 7 zuwa na 6 kafin Annabi Isa. A cikinsu hankali ya tashi daga kan hadaya ya koma kan tambayoyi. Mene ne ran mutum? Ina ya ke tafiya bayan mutuwa? Me ke tsakaninsa da asalin dukan halitta? Ran mutum suna kiransa atman, asalin halitta kuwa brahman. A nan ne aka fara bayyana cewa ana sake haihuwar mutum gwargwadon aikinsa, watau karma, da cewa akwai hanyar kuɓuta daga wannan zuwa da komowa, wadda su ke kira moksha.

Yawancin bayanin nan ta hanyar hira a ke yinsa. Akwai labarin wani malami wai shi Uddalaka, wanda ɗansa Shvetaketu ya yi shekara 12 wurin karatu, ya komo gida yana ta girman kai. Uban ya sa shi ya jefa gishiri cikin ruwa ya bar shi ya kwana. Da gari ya waye ya ce ya ɗauko masa gishirin, yaro ya laluba bai samu ba. Sai ya sa shi ya ɗanɗana ruwan daga wannan gefe, da tsakiya, da wancan gefe, ko'ina ya ji gishiri. Da haka ya nuna masa yadda abu ke cika wuri duka alhali ido bai gan shi ba.

Sauran littattafai duka ana kiransu smriti, watau abin da aka tuna. Darajarsu ba ta kai ta Veda ba, amma su ne kowa ya sani, gama su a ke karantawa a dandali, mata da talakawa suna saurare. A cikinsu akwai Ramayana, labarin Rama da matarsa Sita, mai baiti wajen 24,000. Akwai Mahabharata, labarin yaƙin gadon sarauta tsakanin 'ya'yan wa da ƙane, wanda a kan ce baitocinsa sun kai 100,000. Akwai manyan Purana guda 18 masu ba da labarin Vishnu da Shiva da sauran alloli. A cikin kashi na 6 na Mahabharata kuwa akwai wata 'yar waƙa mai baiti 700, babi 18, wadda a ke kira Bhagavad Gita. Jarumi Arjuna ne ya tsaya tsakanin runduna biyu, ya ga kakansa da malaminsa da 'yan'uwansa cikin waɗanda zai kashe, jikinsa ya mutu, ya yar da baka ya ce ba zai yi yaƙi ba. Krishna, mai tuƙa masa karusa, shi ne ya ba shi amsa, kuma cikin amsar nan aka taƙaita maganar rai, da ta wajibin da ke kan mutum, da ta ƙaunar abin bauta.

Masu hikima kuma sun rabu mazhaba 6: Nyaya, Vaisheshika, Samkhya, Yoga, Mimamsa da Vedanta. Yawancinsu suna da matani na gajerun jimloli, waɗanda aka tsara don hadda, ba su fahimtuwa sai da sharhi.

Albiruni

Tatsuniyoyin Indiya sun riga addininta fita waje. A ƙarni na 6 wani likita ya kai littafin Panchatantra ƙasar Farisa, wajen shekara ta 750 Ibn Muƙaffa'i ya juya shi cikin Larabci, shi ne Kalila wa Dimna wanda malaman Larabci na ƙasar Hausa suka sani. Amma abin da mutanen Hindu suka gaskata, ba wanda ya ba da labarinsa sosai sai da Abu Raihan Albiruni ya zo.

An haifi Albiruni a ƙasar Hawarizm a 973. A 1017 Sarki Mahmudu na Gazna ya ci ƙasarsu, ya tafi da shi fadarsa. Mahmudu kuwa ya yi ta kai hari Indiya shekara da shekaru, ta haka ne Albiruni ya sadu da malaman Hindu, ya zauna ya koyi Sanskirit bayan ya ba shekara 40 baya. Wajen 1030 ya gama littafinsa na Larabci, Tahƙiƙu ma lil Hind, mai babi 80. Tun daga farkonsa ya lissafa abubuwan da suka tsare masa hanya. Harshen yana da sunaye da yawa ga abu guda. Littattafan ilmi a waƙe su ke, don haka ma'ana ta kan shige duhu. Masu kwafa ba su kula da gyara. Mutanen suna ƙyamar baƙo. Bai kuma ɓoye ba cewa yaƙe-yaƙen Mahmudu sun ƙara wannan ƙyama, sun watsa malamai zuwa Kashmir da Banaras, inda hannu ba ya kaiwa. Duk da haka ya ce nufinsa ya faɗi abin da mutanen nan ke faɗi yadda su ke faɗinsa, ba jayayya ya zo yi da su ba.

Game da Veda ɗan bayani kaɗan ya iya bayarwa. Ya ce Barahima suna haddace shi, da yawansu ba su san ma'anarsa ba, kuma ba su yarda a rubuta shi ba, sai dai wani mutumin Kashmir mai suna Vasukra da ya rubuta shi kafin zamaninsa da kaɗan, don tsoron kada ya salwanta. Abin da Albiruni ya dogara a kai shi ne Gita, wadda ya yi ta kawo maganarta, da littafin Yoga na Patanjali, wanda ya juya cikin Larabci, da wani littafi na mazhabar Samkhya, da waɗansu Purana. Da waɗannan ya gane tushen abin, har ya iya gwama ra'ayin masu ilmin Hindu da na Yunanawa da na Sufaye.

Akbar da Dara Shiko

Bayan shekara 500 da wani abu, Sarki Akbar na daular Mogul, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya kafa gidan fassara a Fatehpur Sikri. Wajen 1575 ya ba Mulla Abdulƙadir Badauni aikin juya Atharva Veda cikin harshen Farisa. Badauni ya tarar da wurare da yawa waɗanda ko tafintansa bai iya warware su ba, aiki ya gagara, aka miƙa wa wani, bai kuwa yi wani tasiri ba. A 1582 sarki ya juya ga Mahabharata. Malaman Hindu su kan zauna su bayyana ma'ana da harshen gari, Naƙib Khan da abokan aikinsa suna rubutawa da Farisanci. Aka sa wa littafin suna Razmnama, watau Littafin Yaƙi, aka ƙawata shi da zane-zane, manyan fada suka sa aka kwafa musu. Abul Fazl, amintaccen sarki, ya rubuta masa gabatarwa, inda ya ce manufar ita ce jama'ar nan biyu su san littattafan juna, ko gaba ta ragu. Badauni bai so aikin ba, ya yi ta gunaguni cikin littafinsa na tarihi, amma duk da haka shi ne ya juya Ramayana.

Wanda ya buɗe ƙofar Upanishad tattaɓa-kunnen Akbar ne, Dara Shiko, babban ɗan Sarki Shah Jahan. An haife shi a 1615, ya kuwa shiga ɗariƙar Ƙadiriyya tun yana saurayi. Ya tara malaman Hindu daga Banaras, suka zauna a Delhi wata 6, a 1657 suka gama juya Upanishad wajen 50 cikin Farisanci. Ya sa wa littafin suna Sirri Akbar, watau Babban Asiri. Shi a ganinsa ya sami tauhidi a ciki, amma malamai da yawa na zamaninsa ba su yarda da wannan ra'ayi ba. Cikin shekarar nan ubansa ya kwanta ciwo, 'ya'ya suka tashi neman gadon sarauta. Ƙanensa Aurangzeb ya ci shi da yaƙi a Samugarh a 1658. A 1659 aka kama shi, aka zagaya da shi cikin Delhi, aka yanke masa hukuncin ridda, aka kashe shi.

Littafin bai mutu tare da shi ba. A 1775 kwafi ɗaya ya kai hannun wani Bafaranshe, Anquetil-Duperron, wanda ya iya Farisanci. Ya yi shekaru yana juya shi cikin Latin kalma da kalma, aka buga shi juzu'i 2 a Strasbourg a 1801 da 1802. Fassarar fassara ce, mai wuyar karantawa ainun. Amma a 1814 ta faɗa hannun wani Bajamushe mai hikima, Arthur Schopenhauer, ya riƙe ta har ƙarshen ransa, ya ce ita ce mai sanyaya masa zuciya. Ta bakinsa Turawa da yawa suka fara jin sunan Upanishad.

Turawa da Neman Veda

Turawan ƙarni na 18 sun ji labarin Veda, sun ƙosa su gan shi, domin suna zato a cikinsa ne hikimar farkon duniya ta ke. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala. A 1760 aka kawo wa Voltaire, mashahurin marubucin Faransa, wani littafi da Faransanci wai shi Ezour-Vedam, aka ce daga Veda ya fito. Ya karɓa hannu biyu biyu, ya yi ta kafa hujja da shi, aka buga shi a 1778. A 1822 aka buga binciken wani ma'aikacin Ingilishi a Madras, Francis Ellis, wanda ya nuna littafin ba Veda ba ne, daga hannun 'yan mishan ya fito.

Wanda ya dace shi ne Charles Wilkins, ma'aikacin Kamfanin Gabashin Indiya. Ya tafi Banaras ya yi karatu wurin wani malami mai suna Kashinatha, a 1785 aka buga fassararsa ta Gita a London. Ita ce ta fara fita daga Sanskirit kai tsaye zuwa Ingilishi, ba da daɗewa ba aka juya ta cikin Faransanci da Rashanci. Abokinsa William Jones, alƙali a Kalkata, shi ne ya kafa ƙungiyar binciken al'amuran Asiya a 1784, ya kuma bayyana a 1786 cewa Sanskirit da Yunananci da Latin tushensu ɗaya. A 1794 aka buga fassararsa ta littafin shari'a na Manu. Wannan ta jawo wata ɓarna, gama mahukuntan Ingilishi sun ɗauki Manu tamkar dokar da dukan mutanen Hindu ke bi, alhali littafi ɗaya ne cikin da yawa, na Barahima, al'adun garuruwa kuwa sun sha bamban da shi.

A 1805 Henry Colebrooke, wanda ya fi Turawan zamaninsa sanin Sanskirit, ya rubuta bayani a kan Veda na ainihi. A ƙarshe ya ce sun cika yawa, kuma abin da ke ciki da ƙyar zai biya mai karatu wahalarsa, balle mai fassara. Amma wani Bajamushe, Max Müller, ya ɗauki nauyin. Ya zauna a Oxford ya yi shekara 25 yana buga Rig Veda da sharhin Sayana, malamin ƙarni na 14, juzu'i 6, daga 1849 zuwa 1874. Bayan haka ya shugabanci fassarar littattafan addinan Gabas, juzu'i 50, waɗanda aka buga daga 1879 zuwa 1910. Da Upanishad ya buɗe jerin. Har ya mutu a 1900 bai taɓa sa ƙafa a Indiya ba.

Da Veda ya fito fili, sai aka ga wani abu da ba a zata ba. Waƙoƙin roƙon shanu ne, da ruwan sama, da 'ya'ya maza, da nasara a kan abokan gaba, cike da habaici wanda ba ya ganuwa sai ga wanda ya san tsarin hadaya. Ba su ambaci ɗakunan ibada ba, ba labarin Rama, ba labarin Krishna na Gita. Wanda ya karanta su kaɗai, in ya shiga wani gari a Indiya, ba zai gane yawancin abin da mutane ke yi ba. Veda tushe ne da kowa ke girmamawa, amma addinin yau da kullum daga Ramayana da Mahabharata da Purana da waƙoƙin waliyyansu ya ke shan ruwa.

Indiyawa da Littattafansu

Fassarar nan ta komo gida ta yi aiki. Rammohan Roy na Bengal, wanda ya yi karatun Larabci da Farisanci tun yana yaro, ya juya Upanishad guda 4 cikin Ingilishi tsakanin 1816 da 1819, ya kuma buga su da harshen Bengal don kowa ya karanta, abin da ya jawo masa fushin Barahima 'yan'uwansa. Gandhi kansa bai karanta Gita ba sai da ya tafi London koyon aikin lauya, inda waɗansu Turawa biyu suka nuna masa fassarar Edwin Arnold ta 1885. Daga baya ta zama abokiyar zamansa.

A nan ne wani abu ya bayyana wanda ya wajaba mai koyo ya sani. Bal Gangadhar Tilak ya rubuta babban sharhi a kan Gita yana kurkuku a Mandalay, aka buga a 1915, ya ce kira ta ke yi a tashi a yi aiki, ko da ta kai ga faɗa. Gandhi kuwa ya ce yaƙin da ke ciki misali ne na yaƙin da ke cikin zuciyar mutum, ƙarshen koyarwarta shi ne barin cutar da kowa. Wannan saɓani ba sabo ba ne. Shankara, wanda ya rayu wajen ƙarni na 8, ya karanta Gita da Upanishad ya ce rai da brahman abu ɗaya ne, bambancin da a ke gani ruɗu ne. Ramanuja, a ƙarni na 11 zuwa na 12, ya karanta baitocin nan dai ya ce rai yana cikin abin bauta kamar gaɓa a jiki, amma bai zama shi ba. Madhva, a ƙarni na 13, ya ce su biyu ne daban har abada. Akwai kuma waɗanda suka ƙi waɗansu littattafan ɗungum. A 1927, a garin Mahad, Dokta Ambedkar da jama'arsa suka ƙone littafin Manu a bainar jama'a, saboda abin da ya faɗa a kan mutanen da a ke ƙyamar taɓawa. Shi ne daga baya ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya.

Inda Mai Koyo Zai Fara

Labarin nan duka hanya ɗaya ya nuna. Badauni da Voltaire da Colebrooke sun nufi Veda, na fari ya gaza, na biyu aka cuce shi, na uku ya karai. Albiruni da Dara Shiko da Wilkins sun shiga ta Gita da Upanishad, aikinsu ya yi amfani. Saboda haka bai kamata mai koyo ya bi littattafan nan bisa jerin tsufansu ba.

Abin da ya fi shi ne ya fara da labari, yadda yaran Indiya ke farawa. C. Rajagopalachari ya taƙaita Mahabharata da Ingilishi mai sauƙi a 1951, R. K. Narayan kuma ya taƙaita Ramayana a 1972 da Mahabharata a 1978. Kowanne ana iya gama shi cikin 'yan kwanaki. Wanda ya san su Arjuna da Bhishma da Draupadi, da abin da ya kai su filin Kurukshetra, shi ne zai ji nauyin tambayar Arjuna. Cikakken Mahabharata sai daga baya. Malaman cibiyar Bhandarkar a Pune sun yi daga 1919 zuwa 1966 suna gwada kwafi 1,259 kafin su fitar da matani tsayayye, Bibek Debroy ya juya shi cikin Ingilishi juzu'i 10 tsakanin 2010 da 2014.

Daga nan sai Gita, kuma ya kyautu a ajiye fassara biyu gefe da gefe, tun da ya ke kowane mai fassara da mazhabar da ya jingina da ita. Ta Barbara Stoler Miller, ta 1986, gajeriya ce ba ta da cunkoso. Ta R. C. Zaehner, ta 1969, tana nuna inda Shankara da Ramanuja suka saɓa. Ta Radhakrishnan, ta 1948, tana nuna yadda wani babban malamin Vedanta na zamani ya fahimce ta. Shi ne ya zama shugaban ƙasar Indiya daga 1962 zuwa 1967.

Na uku Upanishad, a fara da ƙanana. Isha baiti 18 ne kurum. Katha labarin wani yaro ne, Nachiketa, wanda ya je gidan Yama, sarkin mutuwa, ya kwana 3 a ƙofa ba ci ba sha, aka ba shi zaɓin buƙata 3, ya ƙi dukiya da tsawon rai ya nace sai an gaya masa abin da ke bayan mutuwa. Bayan waɗannan sai Chandogya da Brihadaranyaka. Fassarar Patrick Olivelle ta 1996 ta ƙunshi guda 12, ta Robert Hume ta 1921 guda 13.

Kafin a taɓa matanin mazhabobi, a nemi littafin da ya zana taswirarsu. Na M. Hiriyanna, Outlines of Indian Philosophy, na 1932, juzu'i ɗaya ne, har yau ana amfani da shi. Na Radhakrishnan da Charles Moore, na 1957, ya tattaro zaɓaɓɓun wurare daga matanin kowace mazhaba. Sa'an nan a ɗauki Yoga na Patanjali, jimla 195 ko 196, tare da sharhi, kamar fassarar Edwin Bryant ta 2009. Wanda ya karanta shi zai ga horon zuciya ne a ke magana a kai, maganar zaman jiki ba ta wuce 'yan jimloli ba. Mai jin Larabci yana da wata ƙofa kuma, watau littafin Albiruni kansa, wanda Edward Sachau ya buga a 1887, aka sake buga shi a Haidarabad a 1958.

Kada kuma a tsaya ga Sanskirit kaɗai. Miliyoyin mutane a arewacin Indiya sun san Rama ne ta waƙar Tulsidas, wadda ya fara a 1574 da harshen Awadhi. A kudu akwai waƙoƙin Tamil da na Kannada. A. K. Ramanujan ya juya waɗansu na masu bautar Shiva a 1973, a ciki a kan ji muryar mata da talakawa, waɗansu ma suna yi wa Barahima ba'a.

Veda shi ne na ƙarshe. Wendy Doniger ta zaɓi waƙa 108 ta fassara a 1981, wannan ya ishi mai farawa. Cikakkiyar sabuwar fassarar Ingilishi ta Stephanie Jamison da Joel Brereton ta fito a 2014, juzu'i 3. Wanda ya iso nan bayan ya bi ta sauran zai lura da abin da mai farawa da Veda ba zai gani ba. Zai ga Indra, wanda a yau ba a cika bauta masa ba, shi ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waƙoƙin, Vishnu kuwa, wanda ya cika Purana, 'yan kaɗan ne nasa. Zai kuma tarar da waƙa ta 129 cikin kashi na 10, wadda ke tambayar yadda halitta ta fara, ta ƙare ba ta yanke amsa ba, ya gane cewa tambayoyin Upanishad tun daga nan suka tsiro.